Kundin aikin gyaran sitiriyo a filogin ɗin matse sauti

1 ga Satumba, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda aikin ya fara yi mini yawa a ka. Filogin ɗin, wato ƙaramar manhaja da ake ɗorawa cikin manhajar haɗa waƙa, kwamfiresa ne mai danne sauti in ya haura iyaka, yana kuma ɗauke da sashen ɗumama sauti. Na rubuta shi da harshen C++ a kan JUCE, tarin kayan aikin gina filogin, yana fita a tsarin VST3 da AU, siffofin da manhajojin haɗa waƙa ke karɓar filogin da su. Tun asali don murya ɗaya na gina shi, wato mono. Da buƙatar sitiriyo ta taso sai na bi hanya mafi kusa: kod ɗin ya sarrafa layin hagu, ya gama, ya koma kan na dama, kowanne da nasa lissafin.

Shekaranjiya wata mai haɗa waƙoƙi da ke gwada mini shi ta aiko da guntun sauti na daƙiƙa 20, ta ce in saurara da hedfon in gaya mata inda muryar take tsaye. Muryar mawaƙin a tsakiya aka ajiye ta, sai wata babbar ganga can ƙarshen dama. Duk sanda gangar ta buga, muryar sai ta zame hagu, ta dawo a hankali, gangar ta sake bugawa ta sake zamewa. Na maimaita guntun ya fi sau goma. Dalilin a fili yake. Gangar tana haura iyakar da aka sa wa kwamfiresa a layin dama kaɗai, sai a danne duk abin da ke dama da kusan 5 dB (ma'aunin ƙarfin sauti), har da rabin muryar da ke can. Ai babu lasifika a tsakiya. Kunne ne ke ajiye murya a wurin idan hagu da dama sun zo da ƙarfi ɗaya a lokaci ɗaya. Da an taɓa ɗaya an bar ɗaya, tsakiyar ta gusa.

Abin da zan yi ke nan a makonnin nan: in daina ɗaukar sitiriyo a matsayin mono biyu da aka jera.

4 ga Satumba

Na haɗe kunnuwan kwamfiresan, wato sashen da ke sauraron ƙarfin sauti kafin a yanke nawa za a danne. Hanya uku na gwada. Ta farko, a tara hagu da dama a raba biyu. Ita ce mafi sauƙi, kuma ita na fara watsarwa, domin idan sautin da ke hagu kifaffen na dama ne, tarawar tana ba da sifili, kwamfiresan ya kurumce alhali lasifikoki na ruri. Ta biyu, matsakaicin ƙarfin layukan biyu. Ba ta kurumta, amma sautin da ke gefe guda tana karanta shi ƙasa da 3 dB a kan irinsa da ke tsakiya. Ta uku, a ɗauki wanda ya fi ƙarfi cikin biyun a kowane samfur, wato kowace lamba a jerin lambobin da kwamfuta ke adana sauti da su. Ita na zaɓa, don ko ina gangar take, iyakar tana nufin abu ɗaya.

Na sa maɓallin haɗi daga 0 zuwa 100. A kan 100 layukan biyu na samun danniya iri ɗaya sak, muryar ta tsaya cak. A kan 0 an koma halin da. Ban so barin tsakanin ba da farko, amma da na gwada shi a kan makirfo biyu na saman ganguna na ji amfaninsa: wajen 60 faɗin yana numfashi kaɗan ba tare da tsakiya ta yi yawo ba.

Abin lura ga takardar bayani: manhajar haɗa waƙa ta Logic Pro tana iya ɗora filogin a matsayin mono biyu masu zaman kansu. A wannan yanayin kowane kwafi layi ɗaya yake gani, don haka haɗin ba shi da aiki.

9 ga Satumba

Yanayin tsakiya da gefe. Dabarar tsohuwa ce, tana cikin takardar mallakar fasahar da Alan Blumlein na kamfanin EMI ya shigar a Ingila a 1931, kuma lissafinta bai wuce layi huɗu ba: tsakiya ita ce hagu a tara da dama, gefe shi ne hagu a debe dama, a komo kuma hagu shi ne tsakiya a tara da gefe, dama tsakiya a debe gefe. Inda na daɗe shi ne adadin da za a ninka da shi. Wasu suna ninkawa da 0.707 a shiga da fita. Ni na ɗauki 0.5 a shiga, 1 a fita, saboda dalili ɗaya: da 0.5, muryar da ke tsakiya tana isa kunnen kwamfiresa da ƙarfin da take da shi a yanayin hagu da dama. Mai aiki ya sauya yanayi, iyakar da ya saita ba ta canja ma'ana ba. Da 0.707 muryar za ta ƙaru da 3 dB, danniya ta ƙaru, shi kuwa bai taɓa komai ba.

Akwai abin da na ga bai kamata in ɓoye wa mai amfani ba. A ɗauki jita da aka kai ƙarshen hagu, babu ko ɗigonta a dama. A wannan yanayin rabinta na tsakiya, rabi na gefe, kuma shirun da ke dama ya samu ne don rabin biyun suna soke juna daidai wa daida. To a danne tsakiya da 6 dB a bar gefe. Hagu ya koma 0.75 na yadda yake, a dama kuma sai ga jitar ta ɓullo da 0.25, a kife. Na kunna wannan na ji shi da kunnena: jitar tana leƙowa ta bayan kunnen dama duk sanda murya ta ɗaga. Ba kuskuren kod ba ne, haka lissafin yake. Shi ya sa haɗin kunnuwa zai kasance a wannan yanayin ma.

10 ga Satumba

Gwajin shiru ya faɗi. Tsarinsa: a sa duk maɓallai a inda ba sa taɓa komai, a kifar da abin da ya fito, a tara da ainihin sautin. In filogin ɗin mai gaskiya ne, shiru za a ji. Ni wani siririn zuuu na ji a ƙasa.

Na duba mitarsa, wajen 86 Hz, wato kaɗawa 86 a daƙiƙa. Na rage ƙunshin sauti da manhaja mai masauki, wato wadda aka ɗora filogin a cikinta, ke miƙowa daga samfur 512 zuwa 256, sai ƙarar ta haura 172 Hz. Nan na gano bakin zaren, don 44,100, adadin samfur a kowace daƙiƙa, a raba da 512 shi ne 86. Wani abu yana faruwa sau ɗaya a bakin kowane ƙunshi. Filtar da na sa a mashiga ce: guda ɗaya na ƙirƙira, layukan biyu suna karɓa-karɓa da ita. Filta tana riƙe da samfurin baya a ƙwaƙwalwarta, don haka ƙarshen ƙunshin hagu yana zuba cikin farkon na dama, ƙarshen dama kuma cikin hagu na gaba. Yanzu kowane layi da tasa. Ragowar da gwajin ke bari ta sauka can inda kunne ba ya kaiwa.

Daga yau gwajin shiru ya shiga jerin gwaje-gwajen da ke gudana da kansu duk sanda na harhaɗa kod, a 44,100 da 48,000 da 96,000, da ƙunshi manya da ƙanana, har da marasa tsari irin samfur 37.

17 ga Satumba

Maɓallin faɗi. Ninka gefe kawai yake yi: 0 mono, 100 yadda aka kawo, 200 ninki biyu. Kyawunsa shi ne idan an tara hagu da dama, kamar yadda ƙaramar lasifika guda ke yi, gefen yana ɓacewa gaba ɗaya, tsakiya ta rage yadda take komai yawan faɗin. Haɗarinsa kuma nan ne: duk abin da aka ƙawata waƙa da shi a gefe, mai lasifika ɗaya ba zai ji ba.

Wani mai gwaji ya rubuto cewa maɓallin ba ya aiki. Na tambayi abin da ya ɗora shi a kai, ya ce murya ce ta makirfo ɗaya a layin sitiriyo. Gefenta sifili ne, sifili kuwa ko sau nawa aka ninka shi yana nan. Ya nemi in ƙara jinkirta layi ɗaya, dabarar da ake dangantawa da binciken Helmut Haas kan yadda kunne ke bin sautin da ya riga isowa. Na gwada da milisakan 10. A hedfon abin ya buɗe gwanin daɗi. Na danna mono, muryar ta koma kamar daga cikin bututu ake magana. Jinkirin milisakan 10 yana haƙa rami a 50 Hz, da 150, da 250, haka kowane 100 Hz har sama. Ba zan sa wannan ba, ko da za a ce filogin ɗin ya rasa wani abu.

Akwai hanyar da ta fi aminci, wadda injiniyan Denmark Holger Lauridsen ya yi aiki a kanta a shekarun 1950: a jinkirta kwafin sautin, a tara shi a hagu, a debe shi a dama. Ramukan hagu sun faɗa daidai kan tuddan dama, in an haɗe su kwafin ya soke kansa, ainihin muryar ta dawo lafiya lau. Na ajiye ta don siga ta gaba. A yanzu dai, idan abin da ke shigowa ba shi da gefe, maɓallin faɗi yana dusashewa a allo, da ɗan rubutu a ƙarƙashinsa da ke faɗin dalili.

25 ga Satumba

Mako guda a kan abu ɗaya: tattara bes a tsakiya. Al'adar ta samo tushe tun zamanin faifan garmaho, inda tsakiya ke kaɗa allura gefe da gefe, gefe kuma ke kaɗa ta sama da ƙasa, har bes mai ƙarfi a gefe kan iya fitar da ita daga layinta. Yau ma ana so, don ƙasan waƙa ya zauna daram a kowace irin lasifika.

Na fara da abin da kowa zai fara da shi: filta a kan gefe mai yanke abin da ke ƙasa da 120 Hz. Bes ya taru, amma fiyano da ke hagu ya rasa mazauni a ƙananan amonsa, kamar an shafa shi a bango. Filta ba ƙarfi kaɗai take ragewa ba, tana kuma gusar da takun igiyar sauti a kusa da inda take yanka. Gefe ya canja taku, tsakiya ba ta canja ba, da aka zo haɗa su sokewar da ya kamata ta faru a dama ba ta cika ba. Matsalar ranar 9 ce ta dawo da wata riga.

Maganin yana cikin tsarin Linkwitz da Riley na 1976, mai gangaren 24 dB a kowane ninkin mita. Siffarsa ita ce ɓangaren sama da na ƙasa suna tafiya da taku ɗaya a kowace mita, in an tara su kuma ƙarfi bai canja ba, taku kawai ya juya. Don haka gefe ya bi ta filtar sama, tsakiya ta bi ta filtar da ke barin komai ya wuce amma tana juya taku iri ɗaya. JUCE na da duka biyun a aji guda. Fiyanon ya koma mazauninsa.

Kuɗin da aka biya shi ne ɗanyen sautin da ake gaurayawa da sarrafaffe dole shi ma ya bi ta wannan mai juya takun, in ba haka ba maɓallin gauraya ya haƙa rami a daidai 120 Hz. Na yi hakan. In an kashe tattara bes kuwa, filtocin duka suna fita daga hanya, gwajin shiru ya ci gaba da wucewa.

4 ga Oktoba

Wani kuskuren ɗan'uwan na filta. Idan aka zana wa ƙarfin fita otomeshan, wato layin da ke motsa maɓalli da kansa yayin da waƙa ke tafiya, mai saurin sauka, hoton sitiriyo yana karkata na ɗan ƙiftawa. Kowane maɓalli yana da mai lallaɓa shi, don kada sauyi ya zo da ƙas: milisakan 20, wato taki 882 a 44,100. Ina neman taki na gaba a cikin zagayen kowane layi. Hagu ya cinye taki 512 na farko, dama ya tarar da saura 370 ya isa ƙarshe tun hagu na rabin hanya. Yanzu ana lissafa gangaren sau ɗaya a kowane ƙunshi, a ajiye, layukan biyu su karanta daga wuri guda.

8 ga Oktoba

Sashen ɗumama sauti yana haifar da ninke-ninken mita, kuma duk wanda ya haura rabin adadin samfur, 22,050 Hz a 44,100, yana naɗowa ƙasa. Amon 9,000 Hz ninkinsa na uku 27,000 ne, ya dawo a 17,100. Na biyar 45,000, ya dawo a 900 Hz, tsakiyar inda murya take, ba kuma tare da wata dangantaka da kiɗan ba. Na sa ninka adadin samfur sau huɗu a kewayen sashen.

Filtocin ninkawar suna jawo jinkiri, kuma nan ne na yi taka-tsantsan. An sanar da mai masauki adadin don ya daidaita sauran layukan waƙa. An jinkirta ɗanyen sauti da adadin. In tsakiya kaɗai ake ɗumamawa, gefe ma yana jira daidai wannan adadin. Haka in an tsallake filogin ɗin, jinkirin yana nan, don kada waƙa ta yi tsalle a lokacin kwatantawa. Na kunna zaɓin da ke sa jinkirin ya zama cikakken adadin samfur, tunda mai masauki ba ya karɓar rabin samfur.

15 ga Oktoba

Yau ban rubuta kod ba sai da yamma. Na roƙi mai gwajin nan ta farko ta nuna mini allonta tana aiki, ni kuma in yi shiru. Minti arba'in na kallo ya koya mini abin da wata guda na zato bai koya mini ba.

Don ta ji gefe shi kaɗai, sai ta buɗe jerin zaɓi, ta zaɓa, ta saurara, ta sake buɗewa, ta mayar. Ta yi haka sau da yawa, sau ɗaya kuma ta manta ba ta mayar ba, ta ci gaba da gyaran murya tana mamakin inda ta shiga. Don ta duba mono kuwa wani filogin daban ta ɗora a bayan nawa. Na ga linzaminta yana kai-komo tsakanin tagogi biyu, na san laifin tsarina ne.

Yanzu akwai maɓallai uku ƙanana a ƙasa: tsakiya, gefe, mono. Suna aiki ne muddin yatsa na kan linzami, an saki sun saki. Mai son su zauna sai ya danna tare da Shift, su kuma yi ja don kada a manta. Ba sa shiga cikin abin da ake adanawa, saboda kada wani ya fitar da waƙa da gefe kaɗai. Danna maɓallin murɗawa sau biyu yana mayar da shi asalinsa, ana kuma iya rubuta lamba kai tsaye. Jeri biyu na maɓallai, na layi ɗaya da na ɗayan, na naɗe su zuwa jeri guda. Na biyun yana fitowa ne kawai in an raba su.

Babban abin shi ne kwatanta kafin da bayan. Ta danna tsallakewa, ta ce da filogin ya fi daɗi. Na duba ma'auni, ya fi ƙarfi da kusan 2 dB. Kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi kyau, kuma ba na son aikina ya ci nasara ta wannan hanyar. Na ƙara maɓallin daidaita ƙarfi: yana auna shiga da fita na daƙiƙa 3 da ma'aunin ITU-R BS.1770, wanda ake lissafa LUFS, awon ƙarfin sauti yadda kunne ke jin sa, da shi, ya gyara ƙarfin fita sau ɗaya, ya tsaya. Na ƙi barinsa yana bi kullum, don in yana bi ya zama kwamfiresa na biyu da ba wanda ya nema. Gyaran kuma adadi ɗaya ne ga layukan biyu.

23 ga Oktoba

Tsofaffin ayyuka. Duk wanda ya haɗa waƙa da sigar farko, kunnuwan a rabe ya haɗa ta, ko ya sani ko bai sani ba. In ya buɗe ta bayan sabuntawa ya ji ta canja, na ci amanarsa, ko da canjin gyara ne. Na sa lambar siga a cikin bayanan da ake adanawa. In babu lambar, haɗi ya tashi a 0, tattara bes a kashe, ninka samfur a kashe. Sabon kwafi kuwa yana tashi da haɗi a 100. Sunayen ciki na tsofaffin maɓallai ban taɓa ko harafi ɗaya ba, don da su mai masauki ke gane otomeshan, sababbin kuma na ba su alamar siga ta biyu yadda tsarin AU zai jera su a bayan na da.

Na gudanar da pluginval, manhajar gwada lafiyar filogin, a mataki na 10, mafi tsanani. Ya kama abu guda: a layin mono, sashen tsakiya da gefe yana neman layi na biyu da babu shi. Yanzu filogin ɗin yana faɗin abin da yake karɓa a sarari, mono zuwa mono da sitiriyo zuwa sitiriyo, a mono kuma duk maɓallan sitiriyo suna ɓoyewa. Gwajin auval, na tsarin AU, ma ya wuce.

31 ga Oktoba

Ma'aunin dangantakar layuka ya hau allo: +1 in hagu da dama abu ɗaya ne, 0 in ba ruwan wani da wani, −1 in ɗaya kifaffen ɗaya ne. Allurar tana sauka ƙasa da sifili daidai lokacin da ƙarfin gefe ya rinjayi na tsakiya, don haka na ajiye shi dab da maɓallin faɗi, ido ya ga sakamakon abin da hannu ke yi. Zaren sauti, wato sashen kod da ke sarrafa sautin, yana ajiye lambobi uku kawai, allo ya zo ya ɗauka. Babu kulle da zai sa shi jira, babu neman sabon gurbi a ƙwaƙwalwa. A ƙunshin samfur 64 a 48,000, milisakan 1.3 ne duk lokacin da ake da shi, ba na filogin ɗina kaɗai ba, na duk abin da ke cikin waƙar.

Na mayar wa mai gwajin guntun nan nata na daƙiƙa 20, an bi da shi ta sabuwar sigar da saitinta na farko, haɗi a 100. Ta amsa cewa muryar ta tsaya, amma yanzu gangar tana jan dukan waƙar ƙasa in ta buga, tana so ta ji yadda zai kasance in kunnen kwamfiresan bai damu da ƙasan gangar sosai ba. Tana da gaskiya, na ji abin da take nufi a bugu na uku. Filta ce za a sa a gaban kunnen kawai, ba a kan sautin da ke fita ba, daga 20 zuwa 300 Hz, kowane layi da tasa, kafin a ɗauki mafi ƙarfi. Da ita zan fara ranar Litinin.